Wata guda a judo, faɗuwa kawai ake koya wa ɗana: ku ma haka kuka gani?

Baban Yara, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taɓa shiga judo ce. Na sa ɗana mai shekara 11, na ɗinka masa kimono, wato rigar judo, ina biyan kuɗin wata. Jiya na bi shi in gane wa idona. Wallahi daga farkon darasi har ƙarshe faɗuwa yaran nan suke yi. Su tsuguna su faɗi ta baya, su tashi, su faɗi ta gefe, su yi alkafura, kowa na marin shimfiɗa da tafin hannu. Babu wanda ya kama wani. Ni kuwa da kokawa na tashi a kan yashin Binuwai lokacin rani, abin da aka koya mana shi ne kada bayanka ya taɓa ƙasa ko ana ha-maza ha-mata. To haka ake yi ko'ina, ko metir ɗin ne, wato malamin nasu, ke jan ƙafa don kuɗin wata ya yi ta shigowa? Wanda ya yi da kansa nake so ya ba ni amsa.

Mai Kilando, Njamena

Wa'alaikumus salam Baba. Kwantar da hankalinka, haka abin yake. Ukemi ake ce masa, mu ma da shi muka fara lokacin ina lise, wato sakandare, kuma mun yi ta gunaguni. Na bar judo da daɗewa, dabarun kayarwa duk sun zube, amma faɗuwar nan tana jikina. Bara akuya ta gitta mini ina kan moto ɗauke da fasinja, birki ya kama, tayar gaba ta zame a yashi. Ban san lokacin da haɓata ta manne da ƙirji ba, na mirgina ta kafaɗa na tashi tsaye, sai ƙujewa a gwiwa. Bawan Allahn da na ɗauko ya dafa kwalta da hannu, wuyan hannun ya karye, sai da muka nemi mai ɗori. Moto ɗaya muka faɗo daga kai.

Ɗan Runji, Marwa

Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Gidanmu gidan fawa ne, kuma na naɗa zare na shiga fili tun ina bin kawuna Mubi da kaka. A dambe hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, zance ya ƙare, ko da a turmin farko ne cikin ukun. Duk horon ɗan dambe na tsayuwa ne: yadda zai kafa ƙafa, yadda zai riƙe garkuwa a gaba ya ɓoye mashi a baya. Yaron da ka saba wa da ƙasa tun yana ƙarami ka cire masa kunyar faɗuwa, kuma kunyar nan ita ke riƙe mutum a tsaye idan kalangu ya yi zafi ƙafafu sun fara rawa. Baba, da ni ne da na mayar da shi yashi.

Tsohon Metir, Ngaundere

Ɗan Runji, maganarka gaskiya ce a fagenku. Sai dai ka lura, ku faɗuwa ɗaya ce ke raba gardama, kowa ya kama gabansa sai wata rana. Mu kuwa a yamma ɗaya ana iya kayar da yaro sau da yawa, shi ma ya kayar da wasu, gobe kuma su dawo. In bai iya faɗuwa ba, kafin sati ya zagayo babu sauran mai zuwa. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882 a makarantarsa ta Kodokan, abin da ya sa a gaba ke nan: a tace jujutsu, tsohuwar dabarar faɗa ta Japan, yadda za a iya gwabzawa da iyakar ƙarfi ba tare da an nakasa juna ba. Ƙa'ida biyu ya bari: amfani da ƙarfi inda ya dace ba tare da ɓarna ba, da kuma amfanar juna, wato ni da abokin karawata mu ci gaba tare. Ta biyun a wajen faɗuwa ake fara ganinta.

Baba, idan ka koma ka duba abu huɗu. Haɓa ta manne da ƙirji, ido na kallon ƙullin ɗamara, don kada ƙeya ta bugu. Baya ya lanƙwashe, kada ya faɗi a miƙe. Hannu ya mari shimfiɗa tun daga tafi har damtse, ba a manne da jiki ba, ba kuma a shimfiɗe can nesa ba. Marin nan da ka ji shi ke raba nauyin bugun. Sannan ya fitar da numfashi lokacin da ya sauka. Mai riƙe numfashi shi ne za ka ga ya tashi yana haki ya kasa magana.

Waɗanda suka fi ba ni wahala a shekarun da na yi ina koyarwa 'yan kokawa ne. Ƙarfi ga shi, ƙugu ga shi, amma da zarar ƙafarsu ta bar ƙasa sai hannu ya miƙe neman tokara. Na ga wani ƙato da gwiwar hannunsa ta goce a gabana saboda haka, alhali ɗan siririn yaron da ya kayar da shi bai yi komai ba daidai ba. Wasu kuma su gantsare su sauka a kan ka da dugadugai don baya ya tsira. Alƙalan gasa ba su yarda da wannan ba: ka sauka a gantsare an ba abokinka ipon, wato cikakkiyar nasara, an gama, don kada mutane su riƙa sayen nasara da wuyansu.

Abin da idon baƙo ba ya gani shi ne aikin mai kayarwa. Ba ya sakin hannun rigar wanda ya kayar, yana riƙe da ita yana ɗan ja sama har sai ya sauka lafiya. Yaron da ya sha faɗuwa ya san amfanin riƙon nan a jikinsa, ba sai an yi masa wa'azi ba. Ni ban taɓa barin wanda bai ɗanɗana ƙasa ba ya ɗaga ɗan wani.

Ɗan Lise, Garwa

Baba gode wa Allah, naka yana motsi. Mu a karate watan farko tsayuwa ce da naushin iska, cinya na rawa metir na ƙirga da Japananci.

Maman Biyu, Kuseri

Ranka ya daɗe Metir, na yarda da kai amma da sauran magana. 'Ya'yana mata biyu suna yi. Wurin farko da na kai su, tamfol ne aka shimfiɗa a kan ɓuntun shinkafa. Ba laifi ba ne, ɓuntu yana karɓar jiki in an zuba da kauri. Amma wata rana na sa hannu na danna tsakiyar, sai na ji siminti. Ɓuntun duk ya gudu gefe, ba mai gyarawa. Ƙaramar ta riƙa dawowa da ciwon kai tana ɓoye mini. Na cire su na kai wani wuri. Don haka Baba kada ka tsaya kallon yaran kawai, cire takalmi ka taka shimfiɗar, musamman tsakiya.

Na biyu, metir na kirki yana haɗa faɗuwa da wasa. A sabon wurin, tun satin farko ana sa su durƙusa biyu-biyu, kowa na ƙoƙarin kwantar da ɗan'uwansa ya danne. A gasa ma danniyar daƙiƙa 20 ipon ce, ka ga ba ɓata lokaci ba ne. In wata ya cika babu ko wannan, ka tambaye shi cikin ladabi yaushe za su fara kamu. Mai koyarwa na gari zai nuna maka tsarinsa ba tare da ya ɓata rai ba.

Masu ce mini me ya kai 'ya mace judo kuwa, nan ƙetaren gada Carine Ngarlemdana 'yar judo ce, kuma ita ta riƙe tutar Cadi a gasar Olamfik ta Landan a 2012.

Ɗan Yagwa

Ni na yi duka biyun, bari in raba ku. Cikin ƙabilar Masa na girma, kuma kowa ya san yadda suka ɗauki kokawa. Da yaransu na koya. Da na shiga judo ana ta tsawata mini kan kama ƙafa, don tun 2013 aka hana kai hannu ƙafa gaba ɗaya idan ana tsaye a gasa. Rabin abin da na iya ya zama laifi. Na daure, na koyi faɗuwa, har na zo ina jin daɗinta, don wanda ba ya tsoron ƙasa shi ke iya shiga da ƙugu ya gwada sabuwar dabara. An kayar da shi ya tashi ya sake.

To amma Ɗan Runji bai yi ƙarya ba. Da na koma gida da kaka na shiga fili, wani ya ɗaga ni, sai na ji jikina ya saki ya shirya sauka, a daidai inda a da zan maƙale masa in yi ta turjiya har ya gaji. Na sauka lafiya lau, ko ƙwarzane babu, kuma an kayar da ni a gaban 'yan matan gari. Sai da na sake horar da kaina in san fagen da nake ciki. Yaro ɗan shekara 11 zai fi ni saurin rarrabewa, in dai Baba zai riƙa kai shi yashi ranar da babu darasi ya nuna masa irin tasa.

Ɗan Runji, Marwa

Yauwa Ɗan Yagwa, ka faɗa da bakinka. Metir, girmanka ne, na ji bayanin riƙon riga kuma ya burge ni, mu babu wannan. Amma in kaka ta yi ka turo mini babban ɗalibinka, ni zan naɗa masa zaren da hannuna. Sai dai ka faɗa masa tun daga gida, filinmu babu tamfol.