Inshorar lafiyar Baba: GIFSHIP ko ta jiha?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya, inshorarsa ta ma'aikata ta tsaya, ga hawan jini ga ciwon suga. Kuɗin magani ya fi ƙarfin fanshonsa.

Wasu sun ce in yi masa rajistar GIFSHIP, wato tsarin inshorar ƙungiyoyi, ɗaiɗaikun mutane da iyalai na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA), wasu sun ce gara KSCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jiha, tunda a Kano muke. Na rasa ta zaɓa. Wacce ce ke ɗaukar nauyin allurar insulin da gwajin ƙoda? Kuma zai ci gaba da zuwa asibitin da ya saba? Baba dai ba ya son sauya likita. Wanda ya yi wa iyayensa ya taimaka min, Allah ya saka da alheri.