Shawarwari ga mai son zuwa gandun Royal da ke kudu da Sidni

Da aka tattauna kan gandun daji na Royal, wanda ke bakin teku kudu da birnin Sidni na Ostareliya, abin da aka fi nanatawa shi ne a yi sammako. Tun 1879 aka keɓe gandun, kuma a ranakun hutu na lokacin zafi, wato Disamba zuwa Fabrairu, wurin ajiye motoci na Wattamolla, wani bakin teku da ke cikin gandun, kan cika tun da hantsi. Wanda ba shi da mota ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Cronulla a kudancin Sidni, ya tsallaka zuwa Bundeena, ƙauyen da ke bakin gandun, a ƙaramin jirgin ruwa.

Daga Bundeena hanyar ƙafa ta bakin teku take farawa, kilomita 26 har Otford a ƙarshen gandun ta kudu. Waɗanda suka bi ta sun ce a raba tafiyar kwana biyu, a riƙe ruwa da yawa da hula, don babu inuwar kirki a saman duwatsun.

Inda aka fi jan kunne shi ne tafkunan Figure Eight. Ramuka ne a kan falalen dutse, ruwansu garai-garai, amma igiya guda kan taso ba zato ta kwashe mutum ta gurje shi a kan dutsen. Ni dai ina tare da masu cewa in ba lokacin da ruwa ya janye ba ne, teku kuma a kwance, a haƙura kawai. Haka farin dutsen nan na Wedding Cake: an katange shi a 2015 saboda yana iya ruftawa, kada wani ya tsallake shingen don ɗaukar hoto.

Ba a shiga gandun da kare.