Warin fetur a Kombi: ina tiyon numfashin tanki ya kamata ya bi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Volkswagen Kombi ce T2 ƙirar 1974, irin mai gado da wurin girki a ciki, injin 1600. In an cika tanki sai warin fetur ya cika bayan mota, ya fi tsanani in an sha kwana. Ba ɗigo a ƙasa, tiyon kafireta kuma sabo ne. A saman ɗakin inji akwai siririn bututun ƙarfe da bakinsa ke buɗe. In toshe shi ne? Wane tiyo zan nema a kasuwar Ladipo?

Bakaniken Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kada ka toshe. Tanki na buƙatar iska ta maye gurbin man da famfo ke ja. In ka toshe, mota za ta yi tafiya kaɗan ta mutu, in ka buɗe murfi ka ji yana zuƙar iska, wani lokaci tankin ma ya lotse.

Ga yadda hanyar take. Tankin na bayan farantin ƙarfen da ke gaban inji, a saman giyabos. A samansa akwai bakuna biyu, hagu da dama. Kowanne na haɗe da bututun ƙarfe ta guntun tiyo. Bututun na hawa cikin ginshiƙin baya, wajen tagar shan iska, ya sauko, sannan biyun su haɗu a mahaɗa mai siffar T a saman ɗakin inji. Daga nan tiyo ɗaya ke tafiya iyakilina, wato matacin iskar inji, inji ya ƙone tururin. Wannan na ƙarshen ne ya ɓace maka. Amma tunda warin na ƙaruwa a kwana, guntayen da ke kan tanki ma sun tsage, mai na fantsama ta nan.

Mai Sifiya Mushin:
Maigida, yawanci faɗin ramin tiyon numfashi milimita 7 ne, na kafireta 5.5, amma ka yanko tsohon ka zo da shi a gwada. Kada ka karɓi mai inci 5/16, kusan milimita 8 ne, zai yi sako-sako ko an ɗaure. Duba jikin tiyon ka ga an rubuta SAE J30 R9, alamar tiyon da ke jure fetur. Tiyon ruwa ko na janareta mai haske, fetur da zafi na busar da shi ya fashe. Mita 2 ta isa. Kilif ɗin da cikinsa sumul ne za ka saya, mai haƙora yana yanka roba.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Sai an sauke inji ke nan?

Bakaniken Idi-Araba:
A 1600 gidan fanka na tare farantin, don haka sauke injin ya fi sauƙi, kuma aikin ya fi fita. Fara cire kan batir, don yana nan cikin ɗakin inji, ka juye man cikin jarka, a fili, nesa da mai walda. Akwai sukurorin farantin da sai ta ƙasan mota ake kwance su.

Kafin ka sa sabon tiyo, hura iska a kowane bututu. A damshin Legas tsatsa na cinye su, motar da ta daɗe a ajiye kuma zanzaro na cika bakin da laka. Wanda ya huje a canza shi. Tura tiyo ya shiga aƙalla santimita 2, kada ya lanƙwashe ya toshe kansa. Kada ka manta guntun da ke ɓoye a gefen hagu wajen safaya taya, shi aka fi tsallakewa don hannu da ƙyar yake kaiwa.

Tunda an buɗe, canza babban tiyon wuyan tanki da robar gejin mai. Kafin a mayar da farantin, toshe duk bakin da ya rage a buɗe na ɗan lokaci, hura iska kaɗan da famfon keke, ba kwamfaresa ba, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne sauran yoyo yake.