Kifaye na suna mutuwa cikin akwatin gilas, mi ke faruwa?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka mani. Akwatin gilas gare ni mai cin litar 60 a salon, da ƙananan kifayen ado gupi da moli ciki, sun daɗe lafiya lau. Satin da ya wuce na ƙaro wasu daga wurin wani mai saidawa, yanzu kullum da safe sai na tarar da ɗaya ko biyu sun juya ciki sama, sauran suna can saman ruwa suna buɗe baki, wasu kuma da ɗigo-ɗigo fari a jiki kamar an barbaɗa masu gishiri suna goga jiki da duwatsu. Ruwan kuma garau yake wallahi, na ma zubar da shi duka na wanke komi da ruwan robine na sa sabo amma abin sai ƙaruwa yake.

Mai Tarwaɗa:
Wa alaikumus salam. Malam wankin nan shi ya ƙara kashe su. Cikin soson filtir, wato matatar ruwan akwatin, akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, su ke maida amoniya ta kashin kifi zuwa nitrit sannan nitrat wanda bai kai su guba ba, in ka wanke soson da ruwan robine kulor, maganin da ake sa ma ruwan robine, ya kashe su, kuma kafin su dawo sai sati 4 zuwa 6. Amoniya ba ta da launi, ruwa na iya zama garau alhali guba ce. Daga yau kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kaɗai za ka riƙa canzawa, da ruwan da ya kwana a bokiti buɗe don kulor ya fita, ka rage abinci sosai. Soson kuma cikin tsohon ruwan akwatin ake matse shi.

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo:
Ɗana, farin ɗigon nan sabbin ne sunka zo da shi, ciwon kifi ne, ik ake ce mishi. Shi ya sa ba a zuba sabon kifi kai tsaye, bokiti daban ake ba shi sati 2 ko fiye a gani. Ka sa gishirin da ba a haɗa shi da komi ba, giram 1 zuwa 2 kowace lita, ka narkar da shi tukuna ka zuba sannu sannu, gupi da moli suna jure shi. Kada ka daina don ka ga ɗigon ya ɓace, lokacin ne ƙwayar ciwon ta faɗa ƙasa tana hayayyafa, kuma sai ta fito tana yawo cikin ruwa magani ke kama ta.

Ɗan Zariya:
Ni tambaya ta, kuna fesa maganin sauro a salon ɗin? Don kaɗan ya sauka kan ruwa ya isa ya gama da su dare ɗaya. Sannan zafin Maradi na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinshi raguwa take, kuran ya ɗauke cikin dare famfon iska ya tsaya, to ka ga buɗe bakin da kake faɗi.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Ana fesawa kam kowace magariba, zan matsar da su ɗakin da ba a fesawa. Hajiya gishirin in na canza ruwa sai na ƙara wani?

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo:
I, amma gwargwadon ruwan da ka ɗebe kaɗai. In zafi ne ya shanye ruwan kada ka ƙara, gishirin yana nan ciki.