Neman kalma: me za a ce wa "sportsmanship" kafin ƙarfe shida?

Mai Shirin Wasanni: Salamu alaikum jama'a. Yau da ƙarfe shida ina da shiri a rediyo kan yadda kociyoyin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ke hukunta 'yan wasansu. Misalina Grayson Allen na Jami'ar Duke. A Disambar 2016 ya sa wa wani ɗan wasan Jami'ar Elon ƙafa da gangan, karo na uku ke nan cikin shekara guda. Kocinsa Mike Krzyzewski ya dakatar da shi ba tare da sa ranar dawowa ba, ya kuma tuɓe shi daga kyaftin. Laifin suna ce masa poor sportsmanship. Me zan ce da Hausa?

Malamar Hausa: Rashin ɗa'a. Shi kunnen mai sauraro ya saba da shi.

Ɗan Kwando: Malama, rashin ɗa'a ya yi faɗi, ko yaron da ya ƙi gaida babba shi ake ce masa. Taɗiya ai ƙeta ce.

Mai Shirin Wasanni: Ƙeta ta yi wa Allen daidai, amma ta bar sauran a waje. A 2011 'yan wasan Jami'ar Cincinnati da na Jami'ar Xavier sun ba hammata iska ana saura daƙiƙu a tashi. Kocin Cincinnati Mick Cronin ya sa yaransa suka tuɓe rigunan ƙungiya, aka dakatar da ɗan wasansa Yancy Gates wasa 6. Wannan dambe ne tsagwaronsa. Ga kuma wanda ya ci wasa ya tsaya yi wa mutane gwalo, ko wanda aka cinye ya ƙi ba da hannu.

Alhaji Tsohon Edita: Ɗa'a Larabci, ladabi Larabci, koci Turanci. Sai yaushe za mu daina ara? Na daɗe da ƙirƙiro mana WASANTAKA. Mutum, mutuntaka. Jarumi, jarumtaka. Wasa, wasantaka. Ki ce ya yi rashin wasantaka, 'yata, shi ke nan.

Malamar Hausa: Allah ya ja kwana Alhaji, "kalma" da muke nema ita ma Larabci ce, haka "lokaci". Kuma wannan ɗafin a kan mutum ko halinsa yake hawa, wasa kuwa ba mutum ba ne. Mai sauraro zai zata taubasantaka ake nufi.

Alhaji Tsohon Edita: Ita jami'a ai haka take muku, ku san doka ku rasa ƙarfin hali. Kowace kalma da ranar da aka fara jin ta.

Na Maraɗi: Mu nan filin kokowa, in ka ka da mutum ka miƙa mai hannu ka tashe shi. Kara muke ce ma wannan. Ku Kanawa kun ɗauka a Kasuwar Kurmi aka raba Hausa, sai ku.

Ɗan Kwando: Wa ya kawo maganar Kano kuma? Ku da ko sunan ma'aikata sai da Faransanci!

Na Maraɗi: Ku da ke cewa kyaftin?

Malamar Hausa: Ku dakata. Kara ita ce ka bar wa mutum abin da yake haƙƙinka saboda kunya. Ɗan wasan da ya yi kara a ƙarƙashin kwando, benci zai koma.

Mai Shirin Wasanni: Don Allah jama'a, rana tana yi. Akwai ma wata: in na ce mai horarwa ya hore shi, atisaye ya ba shi ko hukunci?

Malamar Hausa: Ki ce koci ya ladabtar da shi. Dakatarwar da ba a sa wa rana ba kuma, ta sai baba ta gani ce.

Ɗan Kwando: Baba kuwa ta gani da wuri, don wasa ɗaya tak Allen ya rasa, wanda Virginia Tech ta doke su, sai ga shi a fili. Mutane da yawa sun ce ba hukunci ba ne, hutu ne. Ki faɗi wannan, Anti. Ki kuma sa Juwan Howard, kocin Jami'ar Michigan a lokacin: shi kocin ne da kansa ya kai wa mataimakin kocin Wisconsin hannu a layin gaisawa bayan an tashi wasa a 2022, ya sha dakatarwar wasa 5 da tarar dala 40,000.

Alhaji Tsohon Edita: To kun gani. Koci ma ya rasa wasantaka. Ji yadda ta zauna a baki.

Na Maraɗi: Bakinka dai, Alhaji.

Mai Shirin Wasanni: Ga abin da na rubuta: "rashin ɗa'ar wasa" a kanun shiri, "ƙeta" ga Allen, "dambe" ga 'yan Cincinnati. Kyakkyawan gefen kuma "ɗa'ar wasa".

Ɗan Kwando: Bai rufe wanda aka cinye ya haƙura ya yi murmushi ba, amma a yau dai ya yi.

Alhaji Tsohon Edita: Ban yarda ba, amma shirinki ne. Ki dai ambaci wasantaka ko sau ɗaya, ki ce wani dattijo ne ya kawo.

Mai Shirin Wasanni: In minti ya ragu, Baba. Na shiga situdiyo.