Neman kalma: muzzleloader da load, zuwa gobe da azahar

Tafinta:
Salam jama'a, don Allah a agaza min, an ba ni fassarar wani bidiyo kuma gobe da azahar zan miƙa. Wani dattijo ne a duwatsun Tenesi ta Amurka yake nuna yadda yake nema wa bindigarsa ta harbin kurege saiti, irin doguwar nan da ake zuba wa albarushi ta baki, raminta ƙarami ne .32 na inci wato kusan milimita 8. Kalma biyu suka tsaya min, muzzleloader wato sunan irin wannan bindigar, da load. Shi load ɗin ba albarushi kaɗai yake nufi ba, ya haɗa yawan albarushin da girman ƙwallon dalma da kaurin ƙyallen da ake naɗe ƙwallon har da man da ake shafa wa ƙyallen. Yana farawa da albarushi giren 15 (giren ɗan ƙaramin awon nauyi ne) ya yi harbi biyar a takarda daga yadi 25, ya ƙara zuwa 20 ya sake biyar, haka dai har ya ga inda harbin ya fi taruwa waje ɗaya, kuma abu ɗaya yake canzawa kowane zagaye. Na rubuta lodi na goge ya fi sau uku.

Bazazzagi:
Harba-ka-ruga mana, ko bindigar toka, kowa zai gane.

Ɗan maharba:
A'a yallaɓai kar ka sa harba-ka-ruga. Mutanen gari ne suka laƙaba wannan suna don raini, mu a gidanmu ban taɓa jin Baba ya kira tasa haka ba. Kuma ba iri ɗaya ba ne, tamu cikin bututunta sumul yake, ka zuba albarushi ka zuba 'ya'yan ƙarfe su watsu, ita wannan akwai tsaga a murɗe cikin bututun wadda ke kama ƙyallen ta juya ƙwallon, shi ya sa take zuwa inda aka nufa. Kan kurege fa suke nema don kar nama ya lalace, abin da bai fi ƙwan kaza ba, wa zai harbi wannan ya ruga? Kalmarmu ɗuri ce, an yi wa bindiga ɗuri. Ka ce bindigar ɗuri.

Malamin Hausa:
Ɗuri bai nuna ta inda ake ɗurawa ba, ta zamani ma ai ɗura mata harsashi ake yi. Ni na daɗe ina cewa ci-ta-baki, ginin ya yi daidai da faɗi-ka-mutu da a-ci-balbal, kuma har ɗalibaina sun fara amfani da ita. Sannan Malam Tafinta me ya kawo saiti da lodi da giren cikin rubutun Bahaushe? Muna da bara, muna da awo. Wannan aro ba gaira ba dalili shi ke kashe mana harshe.

Bazazzagi:
Malam da girmanka, bindiga kanta daga Larabci ta zo, albarushi ma haka, harsashi ma daga kalmar Larabawa ta dalma ne. In za a kori baƙi sai a bar mu da kwari da baka.

Malamin Hausa:
Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru sun zama 'yan gida, lodi jiya ya sauka a tasha.

Ɗan Maraɗi:
A nan ina bayan Malam, ka ce lodi a wajenmu mota za a tuna. Amma abin da ke ba ni haushi kullum ku na Najeriya ku ke zama ku yanke kamar mu ba Hausa muke ji ba, a bugo abu daga Kano a ce shi ne daidai. Wani abu kuma ba wanda ya kula, kuregenmu a ƙasa yake yana shiga rami, na can bisa itace yake zama, in ba a ce kuregen bishiya ba mai kallo zai yi mamakin me ya sa tsohon ke ɗaga bindiga sama.

Bazazzagi:
Ba wanda ya hana Maraɗi kawo kalma, kuma ni ba Bakano ba ne.

Ɗan maharba:
Mu dawo kan aikin bawan Allah. Ci-ta-baki in ka faɗa wa maharbi zai zaci akuya kake nufi, wace dabba ce ba ta ci ta baki? Amma awo da Malam ya kawo ya yi kyau sosai, don shi albarushin da ɗan ma'auni ake ɗiba ba a kan sikeli ba. Awon ɗuri. Neman awon ɗuri shi ne aikin da dattijon yake yi gaba ɗaya. Kuma in ya yi gargaɗin kar a zuba albarushin zamani mara hayaƙi a cikinta, ka fassara shi ƙarara, baƙin albarushi kawai take ɗauka, wancan fasa bututu yake yi.

Tafinta:
Ya yi gargaɗin har sau biyu. Toh ga abin da na tsayar, bindigar ɗuri, karon farko zan ƙara da mai ɗuri ta baki, sai awon ɗuri, sai kuregen bishiya. Giren zan bar shi in ce giren 15 kusan giram ɗaya ne, don ba ni da madadinsa. Na gode ƙwarai.

Malamin Hausa:
Awon ɗuri na yarda, ko da yake bai ɗauki ƙyallen da man ba, haɗin ɗuri ya fi shi cika. Bindigar ɗuri kuwa ban gamsu ba, a ajina ci-ta-baki zan ci gaba da koyarwa.

Tafinta:
Allah ya ƙara girma Malam. Saura sandar da ake danna ƙwallon da ita, wa yake da suna kafin asuba?