Taƙaitawa: Sassan ƙaramar bindiga na garin ƙarfe

Ga abin da na tattaro daga muhawarar zaurenmu na maƙeran Ringim kan hanyar MIM, wato ƙera sassan bindiga da garin ƙarfe a mazubi, da masana'antun Amurka ke bi:

1. An yarda ta fi arha. Garin ƙarfe ake kwaɓawa da kakin da zai riƙe shi, a matsa cikin mazubi, a gasa. Yana tsukewa kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Smith & Wesson ma na yin kunamar bindiga da wannan hanya.

2. Saɓani kan ƙarko. Dattawa suka ce ƙarfen da bai sha guduma ba, in wani ɗan rami ya ɓuya cikinsa, karyewa yake yi farat ɗaya, ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi. Matasa suka ce laifin sakaci wajen gasawa ne. Ni dai ina bayan matasa.

3. Ribarta sai an buga dubbai, mazubin na da tsada.